Sunan Mai Gona

Lambara,
Litinin, 14 ga Afrilu.

Zuwa ga Yaya Malam, a Bodinga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da ɗalibanka. Yaya zafi? Mu nan sai godiyar Allah. Yara suna gaishe ka.

Yaya Malam, ka yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya. Na kira wayarka sau uku ba a ɗauka ba, kuma ko an ɗauka na san bakina ba zai iya gaya maka abin da ke raina ba. Shi ya sa na rubuta.

Yau kwana saba'in da rasuwar ƙanenka, Baban Bahijja. Saura kusan wata biyu in fita takaba. Ba na zuwa ko'ina, komai sai dai a zo a gaya mini.

Ka san da daminar bara kwamitin dashen itatuwa na gari ya raba wa kowane gida dashe, da sharaɗin a kewaye shi da shinge mai rai irin na da, aguwa ko dashi ko lalle, kada a sare ƙaya a daji. Baban Bahijja ya karɓi talatin: mangwaro goma sha biyu, gwaba goma, lemun tsami takwas. Ya dasa su a gonarku ta gado, can gangare kusa da rijiya. Da kaka ta wuce aka saki bisashe, ya yi sati uku yana jido aguwa a bayan babur yana kafawa. Har nononta ya shiga idonsa, ya yi kwana biyu yana gani dishi-dishi, yana mini dariya wai ya zama makaho saboda gwaba.

Tun da ya kwanta, ƙanenku Lawali ke ba su ruwa, Allah ya saka masa. To yau kwana biyar ya daina. Na aika a tambaye shi, ya zo ya tsaya bakin zaure ya ce, "Ba ni na hana ba, Yaya ya ce a tsaya." Na ce a tsaya da mi? Ya ce, "Da komi. Ran Juma'ar sama shina zuwa da mutane a tumɓuke aguwar da itatuwan duka."

Na ce ƙila Lawali bai ji da kyau ba. Amma tun ranar ban ci abin kirki ba.

Yaya Malam, ka san ranar Afrilu. Dashen da bai shekara ba, in ya yi kwana goma ba ruwa ya tafi. Ni ban san laifin da itatuwan suka yi ba. Abin da na sani, su ne aikin ƙarshe na hannunsa. Kuma daga bakinka na ji, ranar sadakar uku, ka ce wanda ya dasa itace, duk mai rai da ya ci ko ya sha inuwa, ko da tsuntsu ne, ladan na iske shi a kabari. Tun ranar na riƙe maganar nan. Bai gina masallaci ba, bai haƙa rijiya ba, ɗa namiji bai bari ba. Waɗannan talatin ɗin ya bari.

Don Allah ka ce wa Lawali ya koma ban ruwa, ko da za a yi magana daga baya.

Allah ya ƙara girma, ya ja kwana.

Ƙanwarka,
Safinatu.

*

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bodinga,
Alhamis, 17 ga Afrilu.

Zuwa ga ƙanwata Safinatu.

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Takardarki ta iso. Allah ya jiƙan Ɗantani, ya yalwata kabarinsa, ya raya Firdausi da Bahijja, ya ba ki haƙurin ƙarasa takaba.

Lawali ya ji daidai. Ni na ce a tsaya.

Ba na gaba da itace, kuma abin da na faɗa ranar sadakar uku yana nan. Amma ki saurara. Gonar nan ba a raba ta ba tun rasuwar mahaifinmu. Da ni, da marigayi, da Lawali, da 'yan'uwanmu mata biyu, kowa na da haƙƙi a ciki. Mun bar wa Ɗantani ya noma ne saboda shi ke zaune kusa da ita. Ke 'yar ƙasar nan ce, kin san ƙa'ida: wanda aka ba gona ya noma, gero zai shuka, ko dawa, ko albasa, abin da za a cire a shekara. Ba ya dasa itace, ba ya kafa aguwa. Wanda ya kafa aguwa ya ce nan tawa ce. Da ita ake shaidar iyaka gaban alƙali tun kafin a haife mu.

Duk da haka na yi shiru wata da watanni, na ce ƙanena ne, zai zo ya yi mini bayani. Bai zo ba. Sai makon jiya wani ya ɗauko mini hoton takardar da kwamiti ya liƙa a ƙofar maigari. Na karanta da idona: "Mai gona, Zainulabidin. Itatuwa, talatin." Wannan sunan yanka na marigayi ne, kin fi kowa sani. Kuma an ce duk wanda dashensa ya shekara da rai za a ba shi takardar shaida da hatimi. Na ga abin da irin wannan ya yi wa wani gida a Horo Birni: aguwa da takarda, yau 'yan'uwa ba sa gaisawa ko a makabarta.

Ba zan bari marayun nan su tashi da haƙƙin wasu a wuyansu ba, kuma ba zan bari a tsayar da ɗan'uwana gobe ƙiyama a kan taƙi ɗaya na ƙasa ba. Ladan da kike nema masa ba ya fitowa daga gonar da aka ci da wayo. Abin da ke kare shi shi ne a cire.

Ranar Juma'a 25 ga wata, bayan an sauko, zan iso insha Allahu. Rabonku na gado zai zo muku cif a kan shari'a, ba wanda zai taɓa shi.

Wassalam.

Yayanku,
Ubaidullahi.

*

Lambara,
Asabar, 19 ga Afrilu.

Yaya Rahamatu,

Sallama da gaisuwa. Yaya makaranta, yaya mutanen Shagari? Na gode da zogalen da kika aiko.

Ga takardar Yaya Malam nan na haɗo miki, ki karanta. Na rasa wanda zan kai wa kuka sai ke, don kina cikin kwamitin dashe, kuma ke taubashiyarsu ce, ke kaɗai ke iya gaya masa magana ido da ido ya yi murmushi.

Yaya Rahamatu, sunan da ke jikin takardar nan ba na Baban Bahijja ba ne. To, nashi ne, amma ba shi yake nufi ba. Kin san sunan kakanku aka mayar masa, shi ya sa iyayensa ba su taɓa kiransa da shi ba, suka sakaya da ranar haihuwarsa. Kuma har yau tsofaffin Lambara da sunan kakanku suke kiran gonar. Da aka tambaye shi mai gona, mai sunan ya faɗa, na farko, ba kansa ba. Ni ya gaya wa a tsakar gidan nan.

Na kira Yaya Malam in faɗa masa, wannan karon ya ɗauka. Na ce mai sunan ake nufi. Ya ce wane mai suna? Na ce wanda aka ci sunansa. Ya ce wa ya ci sunan wa? Sai na kasa faɗa. Shekara goma sha biyar ban taɓa furta sunan nan ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya kashe.

Don Allah ki je wurin sakatarenku ki duba babban littafin da aka rubuta mutane ranar rabo. Ƙila akwai wurin da aka sa wanda ya karɓi dashe daban da mai gona. In an ga suna biyu, magana ta ƙare.

Yau kwana goma ba ruwa. Wata maƙwabciya da ta bi ta wurin ta ce lemun sun naɗe ganye, gwaba biyu sun zubar. Mangwaron ne ke ƙoƙari. Ta so ta zuba musu ko guga ɗaya, ta iske Lawali ya ɗaure ƙofar shingen da igiya, ta ji tsoron a ce ta shiga rigimar gado.

Ina zaune nan, randa cike da ruwa a gabana, ba halin in ɗauki tulu in fita. Da rana in na ji iska mai zafi ta bugo, sai in tashi tsaye, in rasa inda zan nufa, in koma in zauna.

Ki yi sauri don Allah.

Taki,
Safinatu.

*

Shagari,
Talata, 22 ga Afrilu.

Safinatu ƙanwata,

Amin wa alaikumus salam. Ki ci abinci, na ce ki ci abinci. In kin faɗi, wa zai riƙe ɗiyan nan?

Ba zan ɓoye miki ba, littafin bai taimake mu ba. Na sa sakatare ya buɗe shi gabana. Akwai wurin mai gona, akwai wurin mai karɓa. A na farko ya rubuta sunan, a na biyu ya ja ɗan layi, wai yana nufin duk ɗaya. Na ce kai, ka tambaye shi? Ya ce ranar mutum ɗari da wani abu ne a layi, rana ta take, shi bai tuna ko fuskar Ɗantani ba. Na ce to ka gyara. Ya ce ba ya gyara sunan mamaci sai magada sun zo da bakinsu. A nan kam ban ga laifinsa ba. Laifinmu ne mu 'yan kwamiti, da muka ce kowa ya kafa aguwa ba mu tsaya mun tambayi gonar wa za a kafa wa ba.

Daga nan na hau mota sai Bodinga. Na iske Malam a zaure da littattafansa. Na ce, "Gafarta Malam, an ce ka ɗaura yaƙi da mangwaro. In kawo maka takobi ko gatari ya isa?"

Ya ce, "Rahamatu, ba ranar wasa ba ce."

Na ce, "Awo, ai na gani. Mutum da gemu har ƙirji, lemun tsami ya hana shi barci. Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kan mangwaron mutane, har Kaka ya ɗaure ka a turken jaki?"

Ya so ya yi dariya ya haɗiye. Sai na gaya masa zancen sunan Kaka. Ya ajiye tabarau ya ce, "Kin taɓa jin an tambayi mutum mai gona ya ba da sunan wanda ya shekara talatin a ƙasa?"

Na ce, "A Lambara? Kullum. Je ka tambayi mai kabu-kabu ya kai ka gonar Ubaidullahi ka ga in ya san ta. Ce masa gonar Malam Zainu, ya kai ka ido rufe."

Ya ɗauki tabarau ya mayar a idonsa. Can ya ce, "In hakanan ne, mi ya hana shi zuwa ya gaya mini? Bodinga nisa gare ta?"

Na ce, "Kai mi ya hana ka tambaya? Lambara nisa gare ta?"

Safinatu, nan fuskarsa ta canza, na ga na taka wurin da ke ciwo. Ya tashi ya shiga gida, ya daɗe. Da ya fito idonsa ja, ya ce in gaya miki haka: maganar gado ba a yin ta da sakaye. Mai sunan, wancan sunan, wanda aka ci sunansa, duk ba shaida ba ce. In kina da abin da kika ji da kunnenki, ki kawo shi yadda aka faɗe shi, kalma da kalma, da suna, da abin da ya yi miki daɗi da wanda bai yi ba. In bai gani ba kafin Juma'a, yana nan a kan bakansa.

Na ce masa ka san abin da kake nema wurin matar da ke takaba? Ya ce ya sani.

Ni ba zan ce ki yi ba, ba zan ce kada ki yi ba. Na roƙe shi a ba su ruwa kafin nan, ya ce ban ruwa yarda ce. Kan nan nasa irin na Kaka ne sak, shi ya kamata a mayar wa sunan.

Ki gaishe da ɗiyana.

Yayarki,
Rahamatu.

*

Lambara,
Alhamis, 24 ga Afrilu.

Yaya Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ka ce in kawo magana yadda aka faɗe ta. Ga ta, Allah ne shaidata.

Ranar rabon dashe ya dawo bayan la'asar, ƙafarsa duk taɓo. Ina tankaɗe. Ya jera ledojin dashen a gindin bango yana ƙirgawa, sai ya fashe da dariya. Na ce lafiya? Ya ce, "Yau na ba tsoho aiki. Sakatare ya ce sunan mai gona, na ce Zainulabidin."

Ga shi na rubuta sunan da hannuna. Ban taɓa ba, sai yau.

Na ce masa, to ai kai ke nan. Ya ce, "Ni? Wa ya san ni da wanga suna? Ni Ɗantani ne. Gona ta Malam Zainulabidin ce, shi ya sare dajinta. Mu duka ci muke." Na ce mutane za su ɗauka kanka ka rubuta, ka koma ka sa a gyara, kuma ka je ka gaya wa Yaya Malam. Ya ce, "In na je yanzu zai ce a jira a yi shawara, damina ta wuce, dashe ya mutu a leda. Bari su kama ƙasa. In suka yi kyau na kai shi ya gani da idonsa, ba zai iya yi mini faɗa ba." Na sake tuna masa da kaka, ya ce sai ya gama shinge. Ya gama shinge da kwana tara ciwo ya kama shi.

Ka ce har da wanda bai yi mini daɗi ba. To akwai. Wata rana yana wanke nonon aguwa a hannunsa ya ce, "Ɗiyana mata ne. In na faɗi, ban san abin da za su samu a gonar nan ba. Ko inuwa dai su samu." Ban tambaye shi abin da yake nufi ba. Ƙila a ransa ya so in an zo rabo gangaren ya faɗo wajenmu. Ba zan rantse a kan zuciyarsa ba, ni kunnena kawai nake da shi. Da na so in ɓoye wannan da na ɓoye, ba wanda ya ji sai ni.

Ya yi kuskure da bai zo wurinka ba. Tsoronka yake ji, Yaya Malam, tun yana yaro, ko wayarka ta shigo sai ya miƙe tsaye yake ɗauka.

Yanzu ga tawa maganar. Ranar da na fita takaba, kafin in je gidanmu, zan tsaya gaban maigari da ku duka in faɗa da bakina cewa gona ba a raba ta ba, aguwa ba iyaka ba ce, don awaki aka kafa ta. In an zo rabo, a ba mu inda babu itace ko ɗaya, can tudu. Itatuwan su bi duk wanda ƙasarsu ta faɗa wa. Ba na son takardar shaida. Ba na son ko gwaba ɗaya ta shigo gidan nan. Na gaya wa babbar ɗiyata, ta yi kuka, ta ce ta yarda.

Ni dai a bar su da rai. Ko ɗiyan Lawali suka ci, ko matafiyi, ko jemage, shi zai samu.

Yau kwana goma sha biyar. An gaya mini da hantsi Lawali ya fara cire aguwar gabas don ya rage muku aikin gobe, kuma awaki sun gani. Ban san nawa za ka iske ba.

Takardar nan a hannunka kaɗai nake so ta tsaya.

Allah ya sa ka gama lafiya.

Safinatu.

*

Bodinga,
Asabar, 26 ga Afrilu.

Safinatu,

Wa alaikumus salam.

Na je jiya. Goma sha tara na da rai. Lemu biyar sun bushe, gwaba shida awaki sun cinye har ƙasa. Mutanen da na ɗauko don cirewa su suka mayar da aguwar gabas. Ni da Lawali muka ja ruwa har magariba.

Ranar Litinin zan je wurin sakatare a rubuta: gonar magadan Malam Zainu. Zancen tudu da gangare ki bar shi, ba ke za ki yanke wa marayu rabonsu ba, ni ma ba ni ba.

Ban ce na san abin da ke zuciyarsa ba. Wata shida ina da bakin tambayarsa ban tambaya ba. Goma sha ɗayan da suka mutu a wuyana suke, ki roƙa mini gafara wurin Allah.

Ga takardarki nan na mayar miki a rufe. Ba wanda ya ga abin da kika rubuta sai ni.

Wassalam.

Ubaidullahi.